Sulhun Rabuwa: Aikin da Ke Farawa Bayan Biko Ya Gagara

Idan aure ya fara tangal-tangal a ƙasar Hausa, akwai sananniyar hanya da maganar take bi. Mace ta yi yaji, miji ya tura wansa ko amininsa biko, iyaye su kira su su yi musu faɗa, idan abin ya faskara a kai ga waliyyai, daga nan a je wurin limamin unguwa ko mai unguwa, a birane irin su Kano kuma a ƙarasa ofishin Hisba kafin a dangana da kotu. Duk waɗannan matakai manufarsu ɗaya ce, wato a mayar da matar ɗakinta, kuma babu mai musun cewa gidaje masu yawa sun tsaya da ƙafafunsu albarkacin wannan ƙoƙari. Matsalar tana ɓullowa ne ranar da ƙoƙarin ya ci tura. Da zarar an miƙa takardar saki, sai dattawan da suka yi ta zarya su ce sun yi iya yinsu su janye jiki, a bar mutum biyu da zuciyarsu ke tafasa su warware batutuwan da suka fi kowanne wuya: inda za a yi idda, wanda zai riƙe 'ya'ya, abin da yaran za su ci, kuɗin makarantarsu, kayan ɗaki, da basussukan da ke tsakani. A ganina wannan ne lokacin da aka fi bukatar mai shiga tsakani, kuma shi ne lokacin da aka fi rasa shi.

Alƙur'ani bai bar wannan gurbi a buɗe ba. Aya ta 229 ta Suratul Baƙara ta ajiye hanya biyu, ko a riƙe da alheri ko a sallama da kyautatawa, kuma kyautatawar da ake nema wajen sallama umarni ce kamar yadda ta wajen riƙo take. Aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ tana magana ne da waɗanda aurensu ya riga ya mutu, ta umarce su da su yi shawara a tsakaninsu da alheri game da shayar da jariri da ladan shayarwar, yayin da aya ta 233 ta Baƙara ta rataya yaye yaro kafin cikar shekara biyu a kan yardar uwa da uba da shawararsu. Ke nan Shari'a tana sa ran waɗanda suka rabu za su ci gaba da magana da juna a kan abin da ya haɗa su. Tunda kuwa sababbin rabuwa ba kasafai suke iya yin wannan magana su biyu ba tare da ta koma cacar baki ba, dole a sami na uku da zai zauna tsakani.

Akwai ayyuka uku da mutane kan cakuɗa, kuma rarrabe su yana taimakawa wajen gane abin da sasanci zai iya da wanda ba zai iya ba. Alƙali yana sauraron ƙara, ya nemi shaidu ko rantsuwa, ya yanke hukunci ko an so ko an ƙi. Hakamai biyu da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ambata, ɗaya daga dangin miji ɗaya daga dangin mata, su ma a mazhabar Malikiyya da kotunan Shari'a na Arewa suke bi ikonsu mai ƙarfi ne, domin idan suka yi iya ƙoƙarinsu suka tabbatar zaman ba zai yiwu ba, suna iya raba auren da saki ɗaya wanda babu kome a cikinsa, ko da mijin bai yarda ba, da fansa ko ba fansa, gwargwadon wanda suka ga cutarwar ta fito daga gare shi. Malaman Hanafiyya sun saɓa a nan, suna ganin hakaman wakilai ne da ba su raba aure sai da izinin miji. Mai sasanci kuwa ba shi da ikon yanke komai. Abin da yake da shi kawai shi ne amincewar ɓangarorin biyu, da sanin haƙƙin kowa, da iya jan ragamar magana har masu rikicin su kai ga matsayar da za su ce tasu ce. Wannan rashin iko shi ne amfaninsa, saboda mutum ya fi cika alkawarin da ya ɗauka da bakinsa a kan hukuncin da aka ɗora masa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya umarci alƙalai da su riƙa mayar da masu husuma su sasanta, domin yanke hukunci yana gadar da gaba a tsakanin mutane, kuma babu inda wannan gaba ta fi yin ɓarna kamar tsakanin uwa da uban da za su shekara goma sha suna haɗuwa a kan 'ya'ya.

Sasancin da aka yi shi yadda ya kamata yakan fara ne da ganawa da kowa shi kaɗai, kafin a haɗa su wuri ɗaya. Masu gaggawa sukan tsallake wannan mataki, alhali a cikinsa ne ake jin gaskiyar magana. Mace Bahaushiya ba za ta buɗe baki a gaban mahaifinta ko surukinta ta faɗi abin da ya shafi shimfiɗa ba, ko cutar da take zargin an sa mata, ko dukan da ta daɗe tana ɓoyewa, sai dai ta sunkuyar da kai ta ce ita dai ta gaji, dattawa kuma su ɗauka rashin dalili ne. Namiji ma yana da abin da ba ya iya faɗa a bainar jama'a, kamar karyewar jari, ko bashin da ya yi masa katutu, ko matsin da yake sha daga mahaifiyarsa. A ganawar sirri mai sasanci yana neman sanin abubuwa kaɗan masu muhimmanci: ko kowannensu ya zo da yardar kansa ne, ko akwai mai tsoron ɗan'uwansa, ko har yanzu akwai sauran sha'awar komawa, da kuma abin da kowa ya fi jin tsoron rasawa. Sharaɗin wannan ganawa shi ne duk abin da aka faɗa masa a keɓe ba zai kai wa ɗaya ɓangaren ba sai da izini. Ranar da aka ji maganar ɗaki a majalisar ƙofar gida, to aikin wannan mai sasanci ya ƙare a unguwar, kuma ya jawo wa na bayansa rashin yarda.

Abu na gaba shi ne tantance matsayin auren kansa, domin sau da yawa masu rikicin ba su yi ittifaƙi ko a kan wannan ba. Miji ya ce saki ɗaya ya yi, mata ta ce wannan ne na uku, ko ya ce cikin fushi ya furta bai yi niyya ba, ko kuma ya aiko da saƙon waya daga baya ya goge. Wannan tambaya ce ta fiƙihu, kuma mai sasanci mai hankali ba ya yin cinikinta, sai ya mayar da ita ga malami masani ko ga alƙali, saboda ƙa'idar da ta zo a hadisi cewa sulhu halal ne tsakanin Musulmi in ban da sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal. Ba a sasantawa a kan a mayar da saki uku ya zama biyu don a rufa wa iyali asiri. Amsar wannan tambaya ce ke nuna irin zaman da za a yi. Idan sakin na kome ne kuma idda ba ta cika ba, ƙofar gyara a buɗe take, kuma ya dace a gwada. Idan kuwa igiya ta ƙare, ko matar ta tsaya kai da fata cewa ba za ta koma ba, ci gaba da lallashinta ɓata lokaci ne da ya kamata a kashe wajen tsara rabuwar.

Wanda zai zauna a zaman haɗaka shi ma abin lura ne. A al'adarmu aure na dangi ne, don haka duk yarjejeniyar da aka ƙulla ba da sanin waliyyin mata ko mahaifiyar miji ba tana iya rushewa a daren da aka ƙulla ta. Amma cika ɗaki da 'yan'uwa yana mayar da zaman fagen kare mutuncin gida, kowane ɓangare yana ƙirga laifin ɗaya, musamman idan auren zumunci ne inda tsofaffin ƙorafe-ƙorafen iyaye suke samun kafar fitowa. Abin da ya fi dacewa shi ne mutum ɗaya ko biyu daga kowane ɓangare, waɗanda masu auren suka zaɓa da kansu, kuma a tabbatar matar tana da wanda take sakewa da shi, ko da kuwa gwaggonta ce ko yayarta. A farkon zama mai sasanci yana bayyana cewa shi ba alƙali ba ne, kowa zai yi magana ba a katse shi ba, babu zagi, kuma kowa yana da damar ya ce a dakata ya je ya yi shawara.

Daga nan sai aikin da ya fi bukatar gwaninta. Dole a bar kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, domin wanda ba a saurare shi ba ba ya sauraron kowa, amma idan aka bar zaman ya tsaya a kan wa ya fara, za a kwana ba a gama ba. Mai sasanci yana juya maganar a hankali daga abin da ya faru zuwa abin da zai faru gobe da safe, yana kuma neman bukatar da ke ɓoye a bayan kowace kafewa. A ce miji ya rantse sai an ba shi 'ya'yansa yau ɗin nan. Idan aka bi shi da tambaya cikin natsuwa, sau da yawa za a tarar ba shi da wanda zai kula da yaro ɗan shekara uku, abin da yake tsoro shi ne a raba shi da su, ko su tashi a matsayin agola a gidan wani, ko a ce ya kasa. Ita kuma matar da ta ce ba zai sake ganinsu ba, ƙila tsoronta shi ne idan suka je hutu ba za a dawo mata da su ba. Da zarar waɗannan tsorace-tsorace sun fito fili, sai a ga ashe akwai tsarin da zai kwantar wa kowa hankali, abin da ba zai taɓa samuwa ba muddin ana jayayya a kan kalmar "nawa ne".

Batun idda shi ne na farko a jerin abubuwan da za a tsara, saboda shi ne mafi gaggawa. Aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar daga ɗakinta, ta kuma hana ta fita, amma abin da aka saba gani shi ne mace ta kwashe 'yan kayanta ta tafi gidan iyayenta a ranar da aka sake ta, nauyin cinta ya koma kan mahaifin da wataƙila da ƙyar yake riƙe da nasa gidan. A Malikiyya wadda aka yi wa sakin kome tana da haƙƙin ci da wurin kwana har iddarta ta cika, wadda sakinta ya yanke tana da haƙƙin wurin zama, idan kuma tana da ciki to ciyar da ita wajibi ne har ta haihu. Idan zama a gidan mijin ba zai yiwu ba saboda tsoron fitina, sai a yi magana a fili a kan inda za ta zauna da abin da zai riƙa aikawa, a kuma haɗa da kuɗin awo, da na haihuwa, da hidimar suna idan akwai juna biyu. Kyautar sallama da aya ta 241 ta Baƙara ta ambata, wadda malaman Malikiyya suke ɗauka mustahabbi ce da alƙali ba ya tilastawa, a zaman sasanci ne kaɗai take da damar samuwa, tunda a nan ana iya roƙon mutum abin da ya wuce wajibi.

Kaya da bashi ba su cika wuya ba idan aka rubuta su. Sadaki na matar ne, kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata nata ne, abin da aka ba ta kyauta ta karɓa ya zama nata. Inda ake samun saɓani shi ne abin da aka haɗa hannu aka saya, da kuɗin adashi ko na gado da ta ba shi ya ƙara jari, wanda shi yake kira taimako ita kuma take kira rance. A nan sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, abin da aka amince a sa masa ranar biya, wanda aka kasa daidaitawa a kansa a ware shi a bar wa kotu, kada ya hana sauran tafiya.

Maganar 'ya'ya ce zuciyar al'amarin, kuma a nan ne al'ada da fiƙihu suka fi yin hannun riga. Abin da mutane da yawa suka ɗauka shi ne da zarar an yaye yaro, ko ya yi ɗan wayo, uba yana da ikon karɓe abinsa. Hukuncin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya saɓa wa haka, domin ya ce reno bayan saki na uwa ne har ɗa namiji ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta auri wani, renon yana komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo kan sauran dangi. Uba kuwa shi ne waliyyi, tarbiyya da karatu da aurarwa suna hannunsa, ciyarwa da tufatarwa suna wuyansa ko da yaran ba a gidansa suke kwana ba. Mata da yawa suna sallama 'ya'yansu suna kuka saboda ba wanda ya taɓa gaya musu wannan, maza da yawa kuma suna yanke ciyarwa da zaton cewa wanda ya riƙe yaro shi zai ci da shi. Mai sasancin da ya san wannan hukunci ya yi shiru don a gama da wuri ya ci amanar zaman. Rashin goyon bayan wani ɓangare bai hana shi faɗa wa kowa abin da zai samu idan aka je gaban alƙali ba, hasali ma sai kowa ya san haƙƙinsa ne rangwamen da zai yi yake zama na son rai.

Sanin hukunci kuma bai wadatar ba, saboda rayuwar yaro ta ƙunshi ƙananan abubuwa da littafi bai lissafa ba, kuma a kansu ne rigima take sake tashi bayan wata biyu. A wace makaranta zai ci gaba, ta boko da ta Islamiyya, kuma wa zai riƙa kai shi? A ina zai yi hutun ƙarshen zango, a ina zai yi Ƙaramar Salla da Babba, wa zai ɗinka kayan Sallar? Idan zazzaɓi ya kama shi da tsakar dare, wa za a kira, wa zai biya asibiti? Wa zai riƙa zuwa ɗaukarsa ranar ziyara, tunda sau da yawa ba a son tsohon miji ya riƙa sallama a ƙofar gidan surukan da aka ɓata da su? Me zai faru ranar da uwar ta sami miji, abin da a ƙasar Hausa ba ya ɗaukar dogon lokaci, ko ranar da aka yi wa uban canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa? Kowace tambaya da aka amsa a zaman sasanci rigima ɗaya ce aka kashe tun ba ta haihu ba. Yaran da suka yi wayo ya kamata a ji ta bakinsu a keɓe, amma kada a tsayar da yaro a gaban iyayensa a ce ya zaɓi ɗaya, domin nauyin wannan zaɓi yana bin sa har girma.

Kuɗin ciyarwa yana bukatar lissafi na gaskiya. Shari'a ta ɗora shi a kan gwargwadon ƙarfin uba, kamar yadda aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna, to amma mafi yawan mazajenmu ba masu albashi ba ne, 'yan kasuwa ne da manoma da masu sana'ar hannu waɗanda samunsu yake hawa da sauka, kuma babu takardar da za ta nuna shi. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara da abin da yaran suke ci a zahiri, a lissafa hatsi da cefane da sabulu da kuɗin makaranta da magani, sannan a duba abin da uban zai iya ɗauka ba tare da ya gudu ba, domin adadi mai yawa da ba za a biya ba bai kai ƙaramin da zai riƙa zuwa kowane wata amfani ba. Tsadar kayan masarufi da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta nuna yadda adadin naira da aka yanke yake zama ba komai cikin ɗan lokaci, saboda haka yana da kyau a sa sharaɗin sake dubawa duk shekara, ko a ƙayyade wani kaso da kwanon hatsi, ko uban ya riƙa biyan makaranta kai tsaye. A kuma fayyace ranar biya da hanyar biya, ta banki ko ta hannun wani amintacce, yadda za a sami shaida idan an yi musu.

Akwai wurin da nake ganin sasanci yana iya zama makamin zalunci idan ba a yi hattara ba, wato wajen kul'i, rabuwar da mace take nema ta hanyar biyan fansa. Asalinsa sananne ne, matar Sabit ɗan Ƙais ta nemi rabuwa ba don ya cuce ta ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce ta ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki. Amma a yau akan sami mijin da zai ƙuntata wa mace da gangan, ya ƙi ci da ita, ya ƙi sakinta, har sai ta gaji ta nemi fansar kanta, sannan ya kawo lissafin lefe da kuɗin gaisuwar iyaye da duk abin da ya kashe tun daga zance. Malikiyya ta toshe wannan kafa sarai: matar da ta tabbatar da cutarwa alƙali yana iya raba aurenta ba tare da ta biya komai ba, kuma idan ta riga ta biya sannan aka tabbatar cewa cutarwa ce ta tura ta, ana mayar mata da abin da ta bayar, sakin kuma yana nan daram. Wajibi ne mai sasanci ya sanar da ita wannan kafin a fara cinikin adadi. Haka nan idan aka kawo shawarar ta sauka daga renon 'ya'yanta a madadin kuɗin fansa, ko da malamai sun yi magana a kan halaccinsa da sharaɗin kada yaron ya cutu, ya kamata a tsaya a duba da kyau ko yarda ce ta gaskiya ko kuwa talauci ne ya yi magana da bakinta.

Wannan ya kawo mu ga babban raunin sasanci a ko'ina cikin duniya, wato rashin daidaiton ƙarfi. Miji yana da saki a hannunsa, yawanci shi ke da kuɗi, kuma ya saba magana a gaban manya. Matar sau da yawa ƙarama ce, an tarbiyyantar da ita a kan kunya, iyayenta ma suna iya matsa mata ta amince da komai don a huta. Haƙuri halin kirki ne, amma idan kullum mutum ɗaya ake ba wa shi, to ya zama hanyar rufe bakin mai rauni. Inda kuwa aka sami duka mai raunatawa, ko barazanar kisa, ko cin zarafin yara, bai kamata a zaunar da su ɗaki ɗaya ana neman tsaka-tsaki ba, saboda wanda yake tsoro zai sa hannu a kan duk abin da aka miƙa masa. Irin wannan magana ta kotu ce da hukuma. Ko a Ingila, inda tun 2014 doka ta wajabta wa mai son kai ƙarar riƙon yara ko rabon dukiya ya fara halartar zaman bayani da mai sasanci, an cire waɗanda suka fuskanci cin zarafi a cikin gida daga wannan sharaɗi.

Idan aka cimma matsaya, sai a rubuta ta da harshen da ɓangarorin biyu suke ji, a karanta musu da babbar murya, su sa hannu tare da shaidu, kowa ya riƙe kofinsa. Rubutun ya zama mai fayyacewa, da adadi da rana da suna, domin jimla irin "zai riƙa kula da 'ya'yansa daidai gwargwado" ba ta ɗaure kowa. Bayan haka akwai matakin da ake yawan mantawa, wato kai takardar gaban alƙali ya tabbatar da ita ta zama hukuncin kotu. Yarjejeniyar da aka yi a zauren mai unguwa ko a ofishin Hisba tana da nauyin mutunci da kunya, kuma wannan nauyi yana aiki a kan mai jin kunya, amma ranar da uba ya daina aikowa, kotu ce kaɗai take da ikon tilasta masa. Hukumar Hisba ta Kano, wadda aka kafa da doka a 2003, tana karɓar ƙorafe-ƙorafen aure masu yawa, tana da mata a cikin ma'aikatanta, sai dai ita ba kotu ba ce. Cibiyoyin sasanci da ke jingine da manyan kotuna, waɗanda ake kira kotu mai ƙofofi da yawa, an fara su a Legas a 2002, Kano ta buɗe tata a 2009, kuma fa'idarsu ita ce abin da aka amince a can alƙali yana iya sa masa hannu ya zama hukunci. Ga Hausawa Kiristoci da sauran waɗanda suka yi auren rajista, Babbar Kotu ce kaɗai take raba aurensu a ƙarƙashin dokar shari'un aure ta 1970, wadda ita ma ta ɗora wa alƙali duba yiwuwar sasantawa kafin ya ci gaba da shari'a.

Wasu ƙasashen Musulmi sun sa wannan zama ya zama ƙofar da dole a bi. A Maroko, tun dokar iyali ta 2004, mijin da yake son saki sai ya nemi izinin kotu, kotu ta gwada sulhu, idan akwai 'ya'ya ta gwada sau biyu da tazarar aƙalla kwana 30, idan abin ya gagara ta ƙayyade haƙƙoƙin matar da na yaran, ya ajiye kuɗin a kotu kafin a ba shi izinin rubuta sakin. A Masar, dokar da ta kafa kotunan iyali a 2004 ta samar da ofisoshin sasanta rikicin iyali, masu ɗauke da masana shari'a da na zamantakewa da na halayyar ɗan Adam, waɗanda ake fara bi ta wurinsu kafin a shigar da yawancin ƙararrakin iyali. A Arewacin Nijeriya saki yana aukuwa ne a cikin gida, da baki ko da 'yar takarda, ba tare da wata hukuma ta sani ba, don haka babu wata mashiga da take tilasta wa kowa zama. Muhawarar dokar iyali da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya tayar a 2017 ta taɓo irin waɗannan batutuwa, kuma zafin da ta yi ya nuna cewa sauya doka a wannan fage ba abu ne na kwana ɗaya ba.

Kafin a kai ga sauya doka, akwai abin da yake hannun waɗanda suke yin aikin yanzu. Limami ko mai unguwa ko jami'in Hisba da ya jagoranci biko ya gagara, shi ne ya fi kowa sanin gidan, don haka shi ya fi dacewa ya sa ranar zama na biyu tun idda ba ta yi nisa ba, ya zo da jerin batutuwan da aka ambata a rubuce, ya nemi mace mai ilimi da dattako ta zauna tare da shi don ta gana da matar. Yana bukatar ya san babin reno da na ciyarwa da na kul'i kamar yadda ya san babin saki, ya kuma san kotun da zai tura mutane idan magana ta fi ƙarfinsa. A ƙarshen takardar a rubuta ranar da za a sake haɗuwa bayan wata uku, a duba ko kuɗin yana zuwa, ko yaran suna ganin iyayensu biyu, da abin da ya kamata a gyara tun uwar ba ta yi wani auren ba.